Yero Bai Taɓa Cin Bashi Ba

Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi garken Yero ya ƙare. Ciwon huhu ya bi shanun ɗaya bayan ɗaya har ruga ta yi tsit. Kullum da azahar sai ya kishingiɗa a gindin kirya bayan garin Geza, ya lumshe ido, ya ga jajayen shanunsa suna fitowa daga kogin Kwara, ruwa na zuba daga ƙahonninsu. Karsana ɗaya tak yake nema ya sake farawa.

Da aka ce sabuwar jiha ta zo da rancen makiyaya, sai ya wanke rigarsa ya nufi banki a Bagudo. Ma'aikacin bankin, Chijioke, mutum ne mai fara'a, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari.

"Baba, ka taɓa cin bashi ka biya?"

Kunya ta rufe Yero. A tambayi Bafulatani wannan a gaban jama'a?

"Ko sau guda, ɗana."

"To, nan matsalar take, Baba. Wanda bai taɓa ci ba, ba mu san yadda yake biya ba."

A ganin Yero ba ƙarya ya yi ba. Gaskiya ne da habbanaye ya fara kiwo: wani ya ɗaura maka karsana, ta haihu sau uku, ka riƙe maruƙan, ka mayar da uwar. Tasa ya mayar da ita ɓul-ɓul. Shi ma ya ɗaura wa mutane, daga Matsinkai har cikin Benin. Amma wa ke kiran wannan bashi? Zumunci ne, kuma ba a tallarsa. Ya koma gindin kiryarsa, abin na yi masa ciwo ƙwarai.

Bayan kaka, wata azahar, ya sake ganin jar saniya tana tahowa cikin rana. Ya buɗe ido, ba ta ɓace ba, har tana shinshinar ƙafarsa. Riƙe da igiyarta Atiku ne, wani makiyayi na tsallaken Illo da Yero ya ɗaura wa karsana tun Atikun yana saurayi.

"Baffa, jikanyar saniyakka ta. Labari ya ishe mu. Riƙe ta, ta haihu ukku."

Yero bai iya dubansa ba. Ya miƙa hannu ya karɓi igiyar.

Daga ita garken da ya bar wa 'ya'yansa ya fito. Banki kuwa, har Yero ya rasu, bai san yana biya ba.