Makullin Sparkbrook a Aljihuna

Ana idar da sallar asuba muka bar Gorton, ni da mai ɗakina, ana yayyafin nan na Manchester mai ɓata rai. Birmingham muka nufa. Kawuna ne ya kira, wai council, ƙaramar hukumar can, za ta rufe zauren da mutanenmu ke taruwa a Sparkbrook, babu kuɗi. Mun ji wannan waƙar a unguwarmu har ta cinye mana ɗakin karatu, don haka ban tsaya jan jiki ba.

Hanya lafiya lau, sai inda ake gyara: shingaye jere, ba ma'aikaci ko ɗaya. A gidan mai na ga kuɗin shayi na ajiye kofin da sauri, mai ɗakina ta fito da flas ɗinta tana mini dariya.

Bari in faɗa muku ciwon zauren nan. Dattawan da suka kafa shi kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka tura karatu ƙasashen gurguzu lokacin da Turai ke rabe, su Rasha da Bulgariya da Poland, Kawu likita na cikinsu, a Sofiya ta Bulgariya ya yi nasa. Akwai kuma waɗanda aka tura Ingila da Amurka, jagoransu Baba Injiniya. Katangar Berlin ta faɗi tun ina yaro, ƙawancen sojan Gabas ya watse, amma labarin bai iso Sparkbrook ba. 'Yan Gabas na zama hagun darduma, 'yan Yamma dama, a jera flasan shayi a tsakiya, iyaka ke nan.

Mun shigo ta Stratford Road, ƙamshin gasasshen nama da gurasar Pakistan na shigowa mota, bas-bas sun cushe titi. A zauren muka tarar an baje waina da miyar taushe, ba mai ci. Makullin na tsakiyar darduma, shi council ke so a mayar mata. Kowane ɓangare ya ƙi yarda ɗayan ya riƙe.

"In aka ba ku, da murmushi za ku miƙa shi," in ji Kawu. "Zaman dirshan za mu yi."

"Doctor, nan ba Sofiya ba ce," in ji Baba Injiniya. "Appeal ake yi, a kai ƙorafi a rubuce, a bi process. Ku za ku jawo mana police."

Wallahi raina ya ɓaci. A zauren nan aka raɗa sunan 'yata, a nan ake karɓar gaisuwar mamatanmu. Na tashi na kwashe flasan gefe, na zauna daram a kan iyakar.

"Kawu, Baba, ku gafarce ni. Nijeriyar da ta tura ku karatu ba ta shiga ƙawancen kowa ba, can ta tura, nan ta tura. Council kuwa ba ta tambayi inda kuka yi jami'a ba. Ku yi appeal ɗin kuna zaune a ciki mana."

Can Baba Injiniya ya turo makullin gabana da kan sandarsa.

"To, ɗan ba-ruwanmu ya riƙe."

Kawu ya harare ni, sannan ya miƙa hannu ƙetaren iyaka ya jawo kwanon wainar 'yan Yamma. Da yake makullin zai bi ni, mai gadin zauren ya yarda zai riƙa buɗe musu ta ƙofar baya, aka raba kwanakin zaman dirshan a cakuɗe, Gabas da Yamma tare.

Da magariba muka shigo Gorton. Abin da na koyo shi ne, mai rufe maka ƙofa bai damu da gefen dardumar da kake zama ba. Na san council na iya canza kwaɗo. In ta ga dama ta canza, amma sai ta fara ɗaga tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya. Makullin dai yana Manchester, mai so ya biyo hanya.