Sabuwar Ƙofar Lakwal

A bakin tashar Malbaza ga wani dogon mutum tsaye, rigarsa ta sha guga, alli ya cinye masa yatsu. Da ganinsa ka ga mushen lakwal ɗin ƙauye, wato malamin makaranta. Rungume yake da sabuwar ƙofar ƙarfe, kyautar wata ƙungiya mai taimakon makarantu. Duk motar simintin da ta wuce sai ya goge ƙofar da hularsa, ya shafa makullin da ke rataye a wuyansa.

Mai amalanken da zai kai shi gida ya ce, "Mushe, ajin naku ba na zana ba ne?"

"Na zana ne."

"Wanda awaki suka cinye bara?"

Ya gyara tsayuwa, ko murmushi babu. "Shi. Bana kam sai sun yi sallama."