Hukunci a Ƙeyar Baba

Shekarar da na buɗe shagon abinci a unguwar Karantina ta Jidda ƙafata ba ta cika taɓa ƙasa ba. Ga amarya a ɗaki, ga sabon shago, ga gashin baki da na fara tarawa ina murzawa ko ba dalili. Shagon kuwa idan mutum ya yi miƙa a ciki sai ya taɓa bango biyu, amma ni ji nake duk Jidda ba wanda ya kamo ƙafata. Na shafe shi da shuɗin fenti ciki da waje, har ƙofa, har benci. An daɗe duk wanda ya zauna sai ya tashi da shaida a bayan riga.

Abinci bai ba ni wahala ba. Da safe ful, wato dafaffen wake, da gurasa, da rana shinkafa da kifi, da yamma tuwo miyar kuka saboda masu kewar gida. Masu cin abincina 'yan dakon tashar jirgin ruwa ne da leburorin gini. Abin sha ne ya tsaya mini a wuya. A lokacin lemon kwalba ya cika gari, kowa na sha'awarsa, amma kuɗin kwalba guda ya kusa na farantin shinkafa, kuma mutumin da ya wuni da buhu a gadon baya ba zai biya kuɗin abinci sau biyu don kawai ya yi gyatsa ba. Ni abin da nake nema shi ne wanda za a cika wa mutum kofi, da sanyinsa, ya biya bai ji a jikinsa ba.

Bakina ne ya jawo mini. Na faɗi wannan magana a ƙofar masallaci, da sunan hira. Kafin washegari mata uku sun aiko mini cewa in kwantar da hankalina, an gama.

Ta farko Gwaggo, ƙanwar Baba, mai lamurje, wato tsamiya da citta da ɗan barkono. Idan ka sha nata sai ka ji kunnenka na hayaƙi. Ta biyu maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan, mai zoɓo. Ita karkade take ce masa, kuma har ta bar duniya ba ta yarda abu ɗaya ba ne. Ta uku surukata, uwar matata, haifaffiyar Makka, mai sobiya, farin abin shan nan da ake jiƙa sha'ir da busasshiyar gurasa a tace, a zuba sukari da kirfa. Sobiya akwai daɗi, sai dai ba ta da amana. A zafin Jidda idan ta kwana ta sake kwana, sai ta juye ta zama abin da Musulmi ba ya kaiwa baki, hukuma kuma ba ta tsayawa tambayar niyyarka kafin ta garƙame maka shago.

Randa biyu shagona ke ɗauka, ƙanƙara kuma sanda guda nake iya saya a rana. Dole mace ɗaya ta koma gida da tukunyarta, kuma cikin ukun ba wadda zan iya kallo in ce mata a'a.

Amma ba wannan ke hana ni sakat a kwanakin ba. Baba ne.

Baba ɗan garuwa ne, sagga kamar yadda mutanen Jidda ke cewa. Tun yana saurayi yake rataya garwa biyu a sanda, ya ɗebo daga famfon unguwa ya kai dogayen gidajen Balad, tsohon cikin gari, ya hau bene ya sauko, ya sake hawa. Da aka shigar da famfo cikin gidaje sai masu gidajen suka riƙa sallamarsa ɗaya bayan ɗaya, da godiya da tsohuwar riga. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu. Ya dawo ƙofar gida ya zauna. Mutumin da muryarsa ke tashin unguwa da asuba ya koma ba ka jin komai a bakinsa sai "to" da "madalla". Rannan ya gaya wa Gwaggo, ba ni ba, cewa idan an sauko daga Arfa zai bi wasu mutanen garinsu ya koma gida. Gidan da yake nufi wani ƙauye ne a ƙasar Katsina da ya baro yana yaro a bayan jaki, inda ba sauran wanda ya san fuskarsa. Tafiya ce ta jirgin ruwa da jirgin ƙasa da bayan babbar mota, na kuma san idan ya tafi ni da shi sai a lahira.

Ni ne ɗansa na fari. Bai taɓa kiran sunana ba, sai "kai" ko "wancan", bai kuma taɓa nuna ni a gaban mutane ya ce nasa ne ba. Ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube shi sosai ba. To ta ina zan fara ce masa kada ka tafi? Duk rawar kan da nake yi, wannan abu na nan maƙale a raina kamar ƙayar kifi. Tsoro nake ji ƙwarai, ba ni kuma da wanda na gaya wa sai matata.

Aka sa ranar ɗanɗano, bayan la'asar. Kowace ta zo da tukunyarta da rundunarta, jikoki da maƙwabta da 'yan kallo, har lungun ya toshe. Na jera sababbin kofunan gilashi, na fasa ƙanƙara, na gyara hula, na murza gashin baki. Sai surukata ta shigo, ta wuce duk wuraren zama, ta zauna a bencin da ke daf da hancina.

A nan na tuna. Tun da na auri 'yarta ko yawu ban taɓa haɗiya da ƙarfi a gabanta ba, balle in ɗaga kofi in kafa kai. Na tsaya riƙe da zoɓo, sanyi na cizon yatsuna.

Gwaggo ta ce, "Sha mana, ɗan nan! Ko sai ƙanƙarar ta zama ruwan wanka?"

Na ce, "Yanzu, Gwaggo." Ban motsa ba.

Daga bayan labulen kicin matata ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma yadda kowa zai ji. "A kira Baba mana. Duk unguwar nan wa ya fi shi sanin abin sha?"

Sai bayan shekaru ta gaya mini ita ce ta nuna wa uwarta bencin da za ta zauna.

Na aika, Baba ya ce a ƙyale shi. Matata ta yafa mayafi ta tafi da kanta, ta durƙusa a gabansa, ta ƙi tashi. Ba dattijon da zai bar amaryar gidansa durƙushe a ƙasa. Sai ga shi tafe a hankali, kansa sabon aski, hula a hannu saboda zafi. Ya yi sallama, ya ga surukata, ya sunkuyar da kai. Suka gaisa, suka sake gaisawa, aka tambayi lafiyar na Makka da na Madina, kowa idonsa a ƙasa. Na miƙa masa kofi. Ya dubi kofin, ya saci kallon inda take zaune. Ashe shi ma ciwon da ke damuna ke damunsa, ai surukarsa ce shi ma.

Sai ya jawo 'yar kujera, ya kai ta lungu, ya zauna yana fuskantar bango, hancinsa ya kusa taɓa shuɗin fentina. Ya miƙo hannu ta baya ya ce, "Kawo."

Haka aka yi shari'ar. Alƙali ya ba mu baya, mu kuma muka zuba wa ƙeyarsa ido. Ƙeyar Baba tana da ninki uku, tabon sandar ruwa kuma ya yi baƙi a ƙasanta. Ya kurɓi zoɓo, ninkin sama ya ɗan motsa. Ya ce, "Madalla." Maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa. Ya kurɓi lamurje, kunnuwansa suka ja baya, ya yi tari. Ya ce, "Madalla."

Gwaggo ta tafa hannu. "Kun gani? Nawa har da tari, ya ratsa shi!"

Ya kurɓi sobiya, ya sake kurɓa. Ya ce, "Madalla."

Surukata ta gyara zama ta ce, "Halas, magana ta ƙare. Wallahi wannan madallar ta fi sauran tsawo."

Wuri ya kaure. Wata yarinya ta rantse ta ga ƙeyar ta yi murmushi a kan zoɓo. Rundunar Gwaggo suka ce ƙarya ne, ƙuda ne ya sauka. Aka ce a sake. Aka sake, da ƙarin ƙanƙara, Baba ya raba musu madalla daidai wa daida, don shi a duniya bai taɓa kushe abin da mace ta dafa ta kawo masa ba. Ni dai dariya ta ci ƙarfina, na dafa randa ina share hawaye, ga shi ba a matsa ko taku ɗaya ba.

Sai dabarar ɗan kasuwa ta zo mini. Abin da zai yi araha shi ne wanda zai jure ƙarin ruwa bai mutu ba. Ina da gangar ƙarfe a bayan shago, wadda mai amalanken jaki ke cika mini kowace safiya. Na faki ido na ɗebo, na tsinka zoɓon da shi, na sa a hannun da ke miƙe.

Baba ya kurɓa. Ninkin nan uku suka haɗe wuri guda. Ya fesar da zoɓon a bangona, ya miƙe tsaye, ya juyo gaba ɗaya.

"Wa ya zuba wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Ɗan ruwa ne na ƙara."

"Ruwa? Wannan moya ce, ruwan sha, ko wankin ƙusa? A ina ka ajiye shi?"

"A ganga."

"A gangar ƙarfe! A rana! Innalillahi. Jama'a ku ji mini, ɗan sagga guda, ɗan cikina, zai shayar da bayin Allah tsatsa!"

Muryar nan ce ta da, wadda ake ji daga ƙasan bene har soro. Zoɓo na ɗiga daga gemunsa, ga shi tsaye ido cikin ido da surukarsa, ya manta da ita sam. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Gwaggo ta zame daga benci tana riƙe da ciki. Ni ana zagina a gaban matata da uwar matata da rabin Karantina, amma daɗi kamar ya kashe ni. A gaban mutane ya ce ɗan cikinsa. Ban taɓa jin wannan a bakinsa ba sai ranar.

Da bakin ya buɗe kuma bai rufu ba. Kara ta tafi, ya yanke hukunci a tsaye. Zoɓo kullum, don ganyensa ba tsada kuma yana ɗaukar ruwa idan ruwan na kirki ne. Lamurje a randa ta biyu, amma Gwaggo ta rage barkono, mutane za su koma aiki ne ba yaƙi ba. Sobiya kuwa, ya ɗan russuna wajen surukata, ya ce ba abin kullum ba ce, ranar Juma'a za a yi ta bayan an sauko daga masallaci, a shanye kafin magariba. Ya tsare ni daga sobiyar da ta kwana, ya kuma ɗaga darajar mai ita. Kafin mako ya zagayo duk danginta na Makka sun ji cewa nata abin shan na Juma'a ne. Gwaggo ce ta yi fushi, don ranar Juma'a randarta ake ara.

Washegari ya tasa ni gaba har Balad. Ya ƙwanƙwasa randuna da yatsa yana saurare, ya zaɓi ɗaya, ya sayi mistika, wani farin ƙaro mai ƙamshi. Ya ɗora ƙaron a garwashi, ya kifa randar a kai ta sha hayaƙi, sannan ya tace ruwa da farin ƙyalle ya cika ta. Ya kafa ta a bakin ƙofar shago inda iskar teku ke wucewa, ya ajiye kujerarsa a gefe. Daga ita ake ɗibar ruwan zoɓo da na lamurje, kuma ba mai taɓa ta sai shi.

Sai dai Baba ya ce ya gama sayar da ruwa a rayuwarsa, yanzu na Allah ne. Duk wanda ya zo wucewa sai ya miƙa masa kofi. 'Yan dako su shanye kofi biyu na ruwan sanyi mai ƙamshi kyauta, su shigo ciki ba sauran wurin zoɓo. Na kai ƙara wajen matata, na ce tsohon nan zai karya ni.

Ta ce, "To kore shi mana."

Ban sake kai ƙarar ba.

Maganar tafiya dai bai sake tayar da ita ba, bai kuma ce ya fasa ba, ni ma ban tambaya ba. Aka yi aikin Hajji aka gama. Wata rana da azahar, shago cike, ina zuba shinkafa, sai na ji sallamar baƙi a ƙofa. Dattawa biyu ne, mutanen garinsu. Ludayi ya tsaya a hannuna.

Baba bai bari sun yi magana ba sai da ya ba su ruwa, ya tsaya yana kallonsu har suka shanye. Sannan babban ya ce, "Malam, jirgi jibi ne. Mun zo mu ji ko ka kintsa."

Baba ya dubi randar, ya dubi mutanen da ke tsaye suna jiran kofi. Ya nuna ni da haɓa, bai waiwayo ba.

"Wa zan bar wa wannan? Wancan? Ai kafin jirginku ya fita teku ya mayar da mutane shan ruwan ganga." Ya ɗauraye kofin, ya sake cikawa. "Ku gaida gida. Ku ce musu ina da aiki."

Ya juya ya miƙa wa na gaba.