Faifan da Rachel Ta Ɗora Kan Banda

Arzika mai gyaran kwamfuta yayana ne, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Shagonsa na bakin kasuwar Yelwa, ɗan ƙuƙut, mutum uku sun cika shi. Duk faifan ajiyar kwamfuta da aka kawo, sai ya jona shi da kwamfutarsa, ya buɗe baƙin allo, ya buga umarni da yatsa biyu. Ita kuma ta jero faya-fayan da take gani, kowanne da lambarsa da girmansa. In naka ya fito a jerin, da sauran rai. In bai fito ba, zai faɗa maka a fuska, ko sannu babu. Sau nawa na yi masa faɗa kan wannan baki nasa!

Da daminar 2005 wata mata mai suna Rachel ta zo daga Wara, ina zaune. Mijinta Emmanuel mai ɗaukar hoto ne. Jirgin ruwa ya kife a tafki da shi da 'yarsu Dudu mai shekara huɗu, suna kawo kwamfutarsa gyara. Duka biyun suka rasu. Bayan kwana biyu masunta suka tsamo kwamfutar. Ta ce hotunan Dudu duk suna ciki, don na masu biki kaɗai yake wankewa, na gida kullum sai gobe. Guda ɗaya tak take so.

Da Arzika ya kwance faifan, sai ya kai shi hanci, ya tambaye ta warin hayaƙin mene ne wannan. Ta ce kwana uku ta yi tana gasa kwamfutar kan banda, yadda take wa kifi, don kada danshi ya ɓata ta. Na sha jin yana cewa jiƙaƙƙen faifai akan cece shi a Kaduna, amma wanda ya sha wuta sai dai haƙuri.

Ya jona, ya buga umarni. Layi ɗaya ya fito, na faifan Arzika kaɗai. Ya sake waya, ya buga. Ya kashe, ya kunna, ya kara kunne ko zai ji motsi. Har la'asar layin nan ɗaya ne. Ni kam na tsani allon nan ranar.

Rachel ba ta iya karatu ba, amma ta iya kallon fuska.

"Malam, wutar da na sa ce ta kashe shi?"

Na sunkuyar da kai, don na san halinsa.

"Ruwa ne, baiwar Allah," in ji Arzika. "Tun cikin tafki ya mutu."

Wallahi ƙarya ce, kuma ita ce ta farko da na ji daga bakinsa. Ya miƙa mata faifan bai iya kallonta ba. Ta goge shi da bakin zane, ta rungume.

"To Dudu tana ciki ke nan," ta ce. "Fitowa ce ba ta iya yi."