Hannun Bashira a Kan Tafet

A tashar 'yan kabu-kabu ta Bagudo, idan aka ji babur ya wuce yana rurin nan mai laushi, ba ƙaƙas-ƙaƙas, to na Sambo ne. Abokan sana'a sukan ce hannunsa na da albarka, shi kuwa sai ya gyara hula ya ce baiwa ce. Baiwar dai gaskiya ce, sai dai tana cikin gida tana tankaɗe, sunanta Bashira.

Bashira 'yar Zagga ce. A fadamar babanta ta tashi, inda injin ban-ruwa ya fi kowa iko, don in ya yi fushi albasa ta mutu. Nan ta koyi saita tafet, wato 'yar tazarar da ake bar wa bawul, ƙarfen da ke buɗe wa inji iska ya rufe. Da aka kawo ta gidan Sambo, har da sifana a cikin kwallarta.

Ƙa'idarta guda ce: ba ta taɓa inji da zafi, sai ya kwana. Da safe ta cire murfi da fulogi, ta juya inji har alama ta zo daidai rami, ta sassauta noti, ta zura reza a tazarar. In rezar ta shiga da ɗan ja, ta ɗaure.

Rannan Atiku mai kai busasshen kifi kasuwannin ƙasar Benin ya tsaya ƙofar gidan, babur na ƙara kamar keken tela ranar jajibere.

"Sarkin hannu, taimaka mani! Gobe da sammako zan ƙetara."

Ga mutane zaune kan benci. Sambo ya dubi zaure, ya dubi jama'a, ya naɗe hannun riga. Da zafin injin ya yi ta ɗaure tafet har ƙarar ta ɗauke. Aka yi ta jinjina masa.

Washegari sai ga Atiku yana turo babur, ga kwandunan kifi a baya, gumi har gemu.

"Sambo, ƙara kam ka kashe ta, har da mai ƙarar! Na buga har ƙafata ta mutu."

'Yan benci suka gyara zama. Sambo ya ga ko dai sunansa ya zube, ko kasuwar Atiku ta watse. Ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Sauke kifin. Ciki za a shiga da shi. Mai aikin na ciki."

"Wane mai aiki?"

"Uwar ɗakina, Bashira. Ni tuƙi kawai na iya."

Kafin dariya ta lafa, muryar Bashira ta biyo ta kan katanga: "Maigida, taɓa mani kan injin. Da sanyi?"

"Kamar randa."

"To shigo da shi." Tana cire murfi ta ce, "Wa ya shaƙe shi haka?"

"Wani ne," in ji Sambo.

Ba a gama shan kunu ba ta saita shi, Sambo ya turo babur waje. Bugu ɗaya ya tashi, da 'yar ƙara siririya.

"Uwargida, ina jin motsi kaɗan hwa!" in ji Atiku.

"Bar shi haka, Malam Atiku. Ƙarfe ma yana son wurin miƙe ƙafa."

Atiku ya kama kasuwarsa. Yanzu kullum da magariba babura ke jeruwa a zauren Sambo, kowanne na jiran safiya. Shi ke tura su ciki, shi ke fito da su, ƙirji a gaba, yana gargaɗin masu su: "Kada wanda ya tayar. Injiniya ta hana."