Ɗan Inna Mai Ɗaga Gidaje

Maigidana direban katafila ne, kuma duk tsawon zamanmu ban taɓa ganin ya dawo aiki da fara'a ba. Zai shigo kansa fari fat da garin siminti, ya zauna bakin gado, ya daɗe yana kallon takalmansa kafin ya cire su. Yara suna kiransa Baba Girgiza, don ko cokali ya riƙe sai hannun ya yi rawa.

Turanci ne ya jefa shi cikin wannan sana'a. Ranar da ya je neman aiki yana saurayi, shugaban ma'aikata ya nuna wasu tsofaffin shaguna ya ce aikinsu shi ne “raze to the ground”. Da ɗan Turancinsa na firamare, mutumin nawa ya ji kamar an ce ɗagawa daga ƙasa. Ya koma gida da gudu ya shaida wa Inna, mahaifiyarsa, cewa ya zama mai tada gini. Sai da gari ya waye ya gane kalmomin biyu ne, a baki ne kawai suke kama: ɗaya ɗagawa, ɗaya bajewa har a daidaita da ƙasa, ko tubali kada ya rage a tsaye. Ni dai har yau haushin yaren da ginawa da rusawa suke fita da murya ɗaya nake ji.

Bai gyara wa Inna ba. Ta riga ta zaga maƙwabta tana cika baki, shi kuma ya kasa. Haka ta tsufa, idonta ya tafi, tana sa masa albarka kan gidajen da bai taɓa ginawa ba. Na gaji da ce masa ya faɗa mata, shi ma ya gaji da ce mini sai gobe.

Bana aka shafa jan fenti a layinsu Inna, wai hanya za ta bi ta wurin. Kamfaninsu maigidana aka ba aikin. Maƙwabta suna kwashe kaya suna kuka, ita kuwa tana ba su haƙuri, wai su kwantar da hankali, ɗanta ne zai zo da kansa. Suka ci gaba da ɗaure kayansu.

Muka dawo da ita ɗakin yaranmu, da katifarta da butarta. Ranar da za a fara aikin, da safe yana ɗaure takalmi ta laluba ta kama hannun rigarsa.

“Idan ka zo kan ɗakina, kada ka ɗaga dokin ƙofar da yawa,” in ji ta. “Gwiwoyina ba sa hawa yanzu.”

Na zuba masa ido. Na ɗauka yau zai faɗa.

“To, Inna,” ya ce. “Daidai da ƙasa zan yi miki shi.”

Ta sa masa albarka, ya ɗauki hularsa ya fita.