Tsohuwar da Ta Gyara Mini Ruwan Waifa

Jama'a, wannan abin da zan ba ku wallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba. Lokacin ina direba a wani ofis a GRA, nan Bauchi, muna zaune a Gwallameji, can ƙarshen unguwa inda gidaje ba su gama haɗewa ba. Shekararmu goma sha ɗaya da aure ni da matata Rabi ba ta taɓa ko ɓari ba, sai a waccan shekarar Allah Ya dube mu. Kada ku so ku ga yadda na koma, mutum sai ya ce mini sannu in ce masa "ai watanta bakwai."

Ranar wata Laraba cikin damina, an sha ruwa tun safe ya ɗauke wajen azahar, sai ga wayar Goggo Asabe, ƙanwar mahaifin Rabi da ta zo zaman jiran haihuwa. Ta ce, "Kai, bar abin da kake yi, abu ya taso." Ko hulata ban ɗauka ba. Na figi tsohuwar motata na isa gida, muka sa Rabi a baya, Goggo na riƙe da ita, ni kuwa dariya nake ina addu'a a haɗe kamar wani taɓaɓɓe.

To, hanyarmu a lokacin jar ƙasa ce, tifofin yashi sun dame ta ta zama kunu. Ba mu yi nisa ba wata tifa ta wuce ta watsa mini taɓo a gilashin gaba, faca-faca. Na kunna waifa, ta shafe shi lumui kamar an yi wa ɗaki yaɓe. Na ja sandar fesa wa gilashi ruwa, shiru. Na sake ja, ko ɗigo. Na fita na goge da hannun rigata, muka ɗan matsa, wata tifar ta sake yi mana wanka, har saura kaɗan in zuba mu a kwalbati. Rabi ta ƙwalla wata ƙara.

Na tsaya na buɗe bonet. Na leƙa tankin ruwan waifa, na ga babu ko ɗigo a ciki. Na zare fis ɗin wutarsa na ɗaga shi sama, lafiyarsa lau. Ina cikin mayar da shi, sai na ji an ce, "Sannu ɗan nan, idon motar ne ya toshe?"

Na waiga, wata tsohuwa ce, 'yar siririya, irin Fulanin nan namu masu kawo nono gari, da 'yar buta a hannu, fuskarta fal murmushi. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, duk caɓin nan ƙafarta tas take.

Na ce, "Inna, mai naƙuda ce a ciki."

Ta ce, "Na sani. Matsa."

Ta tsiyaya ruwan butar a tankin, ta zaro allura daga ɗankwalinta, ta tsokani 'yan hudojin nan biyu na kan bonet inda ruwa ke fitowa, ɗaya bayan ɗaya, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce in je in ja. Na ja. Jama'a, ruwa ya yi tsiri har yana tsallake rufin mota! Gilashi ya fito ƙal. Na yi ihu na ce Allahu Akbar, ita kuma tana ta dariya har da riƙe ciki.

Na rufe bonet ina ta zuba godiya, ta ce, "Je ka, kada ka yi gudu, za su jira ka. In namijin ya fito ka ce wa masu karɓar haihuwa kada su tashi, macen tana tafe, ita ba ta son gaggawa."

Ban tsaya tunanin maganar ba, don duk awon da aka yi da hoton ciki ɗa ɗaya aka ce mana. Muka kama hanya, tifa ta watso, in ja, ruwa ya wanke, har ƙofar asibiti.

Bayan la'asar nas ta fito ta ce namiji ne. Na faɗi na yi sujada a barandar nan, na tashi na rungume wani bawan Allah da ban taɓa gani ba. Sai maganar tsohuwa ta faɗo mini, na ce, "Sista, don Allah a duba, akwai macen." Ta harare ni ta koma. Ba a fi minti ashirin ba na ji guɗar Goggo tun daga ciki. Hassan da Usaina!

Washegari ina raba dabino nake ba su labarin tsohuwa. Goggo ta ajiye kofin kununta ta ce, "Wace tsohuwa? Ta tagar gefe ina kallonka, kai kaɗai kake surutu, na ce wa Rabi murna ta taɓa mijinki." Rabi ta ce ita dai ta ji waƙa, amma ta ɗauka rediyo ne. Motata kuwa ba ta da rediyo.

Bayan suna na kai motar wurin bakanikena a canza mai, na ce ya duba mini ruwan waifa don ya sake ɗaukewa. Ya leƙa, ya kira ni. Tiyon ruwan, ɓera ya cinye shi gida biyu, wayar ɗan famfon da ke tura ruwan a tsinke har ta yi tsatsa, tankin kuma a fashe ta ƙasa, ko ruwa cikin cokali ba zai riƙe ba. Ya ce, "Oga, wannan ya fi shekara bai fesa komai ba." Na rantse masa, ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Na yi cigiya a rugagen wajen, babu wanda ya san ta. Malaminmu ya ce in yi shiru in gode wa Allah, bayinSa suna da yawa.

Shawarata gare ku, kafin damina ku duba tanki da tiyo da fis, ku ajiye allura da gorar ruwa a mota. Kuma duk wanda ya yi muku sannu a hanya, ku amsa da ladabi. 'Yan biyun namu yanzu suna aji huɗu. Rannan ina wanke mota na ji Usaina tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, na ce wa ya koya mata. Ta ce babu kowa, da ita ta zo duniya.